Gudun fanfalaki ga sabon shiga: Daga zaman kujera zuwa kilomita 5 cikin mako tara

Gudun fanfalaki shi ne gudun dogon zango wanda juriya ke ɗaukar mai yin sa, ba ƙarfin zabura ba. A fagen wasanni ana lissafa shi daga kilomita 5 zuwa 10, har ya kai ga gudun yada-ƙanin-wani mai tsawon kilomita 42 da mita 195. Sai dai akasarin masu yin sa a duniya a yau ba 'yan wasa ba ne. Ma'aikatan ofis ne, da 'yan kasuwa, da malaman makaranta, da matan aure, waɗanda jiki ya yi wa nauyi ko likita ya auna jininsu ya ce ya hau, suka ga babu makawa sai sun motsa jiki.

Irin waɗannan mutane kan faɗa tarko guda. Mutum ya shekara goma ko ashirin bai yi gudun da ya wuce na tsallaka titi ba, sai rana ɗaya ya ɗaura takalmi ya fita da iya ƙarfinsa. Kafin minti biyu haki ya ci ƙarfinsa, ƙirji na zafi, washegari kuma ƙafa ta ƙi takuwa. Daga nan sai ya yanke hukuncin cewa gudu ba nasa ba ne, alhali kuskuren yana ga hanyar da ya bi.

Akwai tsare-tsaren da aka shirya musamman domin wanda bai saba ba. Mafi shahara a cikinsu shi ne Couch to 5K, wato daga kan kujera zuwa kilomita 5, wanda ke ɗaukar mako tara, ana fita sau uku a kowane mako.

Asalin gudun motsa jiki

Tsere tsohon abu ne, amma gudu domin lafiya kawai bai daɗe da yaɗuwa ba. A farkon shekarun 1960 ne wani mai horar da 'yan wasa a ƙasar New Zealand, Arthur Lydiard, ya haɗa ƙungiyar masu sassarfa a birnin Auckland, akasarinsu magidanta masu teɓa. Wani mai horarwa Ba'amurke, Bill Bowerman, ya kai ziyara can a 1962, ya shiga cikinsu, ya tarar dattawan da suka girme shi suna barinsa a baya. Da ya koma gida ya shiga yaɗa sassarfa, ya kuma wallafa littafi a kanta tare da wani likitan zuciya. Daga nan al'adar ta bazu a Amurka da Turai.

A 1974, Jeff Galloway, wanda ya wakilci Amurka a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1972, ya fara koyar da sababbin shiga ta hanyar cuɗanya gudu da tafiya. Wannan dabara ce ginshiƙin tsarin Couch to 5K, wanda Josh Clark ya rubuta a 1996. Shi kansa ya tsani gudu kafin ya saba da shi, kuma ya shirya tsarin ne domin mahaifiyarsa, wadda ta haura shekara 50 a lokacin. Daga baya hukumar kula da lafiya ta Birtaniya, NHS, ta rungumi tsarin, ta mayar da shi manhajar waya da ake saukewa kyauta.

Abin da bincike ya nuna

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, kamar tafiya da sauri, ko kuma mai ƙarfi na minti 75 zuwa 150, kamar gudu. Ta ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Alƙaluman da ta fitar a 2024 sun nuna kashi 31 cikin 100 na baligan duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba su kai wannan mizani ba. Rashin motsa jiki yana cikin manyan abubuwan da ke share fage ga hawan jini, da ciwon sukari nau'i na biyu, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki.

Wani bincike da aka wallafa a 2014 a mujallar kwalejin likitocin zuciya ta Amurka ya bibiyi mutum fiye da 55,000 na kimanin shekara 15. An gano haɗarin mutuwa a tsakanin masu gudu ya yi ƙasa da na marasa yi da kashi 30 cikin 100, na mutuwa ta dalilin ciwon zuciya da jijiyoyin jini kuwa da kashi 45. Abin lura shi ne har waɗanda gudunsu bai wuce minti 5 zuwa 10 a rana ba, kuma a hankali, sun samu wannan fa'ida.

Game da tsoron da ake yi cewa gudu na cinye gwiwa, wani nazari na 2017 da ya tattara bincike da dama ya samu amosanin gwiwa ko na ƙugu a kashi 3.5 cikin 100 na masu gudun motsa jiki. A tsakanin marasa motsa jiki adadin ya kai 10.2, a tsakanin manyan 'yan gasa kuma 13.3. Wato gudu matsakaici bai nuna alamar lalata lafiyayyar gwiwa ba. Wanda tuni yake fama da ciwon gwiwa, hukuncinsa daban ne, yana hannun likita.

Zuciya na saurin sabawa, ƙashi na jinkiri

Fahimtar yadda jiki ke sabawa da gudu ita ce mabuɗin komai. A makonnin farko ruwan jini na ƙaruwa, zuciya na koyon harba jini mai yawa a kowane bugu, ƙananan hanyoyin jini na yawaita a cikin tsoka, ƙwayoyin tsokar kuma na ƙara ƙwarewa wajen amfani da iskar oksijin. Shi ya sa bayan mako uku ko huɗu mutum kan ji hakin ya ragu. Bugun zuciyar baligi a lokacin hutu yana tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya, kuma yakan sauka sannu a hankali idan aka ɗore.

Ƙashi da agara da jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi ba haka suke ba. Su sukan ɗauki watanni kafin su yi ƙwarin da zai jure sabon aikin. A kowane taku na gudu ƙafa na ɗaukar nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku, kuma mai sassarfa na yin taku kusan dubu a kowace kilomita. Mai nauyin kilo 90 yana sauke wa ƙafarsa kimanin kilo 200 ke nan a kowane taku.

A wannan giɓi ne rauni ke shiga. Numfashi ya daidaita, mutum ya ji ƙarfi, sai ya ƙara nisa da sauri, alhali ƙafar ba ta shirya ba. Nazarin da aka tattara a 2015 ya nuna sababbin shiga na samun rauni fiye da ninki biyu na waɗanda suka saba, idan aka auna da yawan sa'o'in da kowa ya yi yana gudu. Ranar hutu kuwa ɓangare ce ta horo, domin a lokacin hutu ne jiki ke gyara abin da gudu ya taɓa, ya kuma ƙara masa ƙwari.

Waɗanda ya kamata su fara ganin likita

Akasarin masu lafiya za su iya fara tafiya da sassarfa mai sauƙi ba tare da wani gwaji na musamman ba. Amma akwai waɗanda ya wajaba su fara zuwa asibiti:

Mai ciwon zuciya, ko ciwon ƙoda, ko ciwon sukari. Wanda ke jin ciwo ko danna a ƙirji, ko haki da ɗan ƙaramin aiki, ko jiri, ko suma, ko bugun zuciya marar tsari. Wanda wani na kusa a danginsa ya yi mutuwar fuju'a yana da ƙuruciya. Mace mai juna biyu ko mai jego. Haka nan wanda ya manyanta kuma ya daɗe rabonsa da motsa jiki.

Auna hawan jini kafin farawa abu ne mai sauƙi da arha, kuma cutar kan daɗe a jiki ba ta nuna alama ba. Wanda awonsa ya kai 180 bisa 110 ko sama da haka, ya dakata har sai an daidaita shi da magani. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan wasu magungunan da ke saukar da sukari ya riƙe dabino ko alewa a aljihu, ya kuma riƙa duba tafin ƙafarsa bayan kowane gudu, domin ƙaramin bororo na iya zama gyambo.

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya na ɗauke da rukunin jini na AS. Wannan ba ya hana gudu, sai dai mai shi ya guji ƙure kansa, musamman a cikin zafi ko da ƙishirwa. Mai cutar sikila kuwa kada ya fara sai da shawarar likitansa. Babu wanda ya dace ya yi gudu da zazzaɓi a jikinsa.

Labarin Jim Fixx ya isa izina. Ba'amurke ne mai ƙiba da shan taba, ya fara gudu yana da shekara 35, ya rage nauyi, ya rubuta littafin da ya yi kasuwa a kan gudu a 1977. A 1984 ya faɗi ya mutu yana cikin gudu yana da shekara 52. Binciken gawarsa ya nuna jijiyoyin zuciyarsa sun toshe, kuma ciwon zuciya ne ya kashe mahaifinsa yana da shekara 43. Gudu na rage haɗari, amma ba ya maye gurbin binciken asibiti.

Tsarin mako tara

Ana fita sau uku a mako, a bar aƙalla kwana ɗaya na hutu tsakanin fita da fita, misali Asabar da Litinin da Laraba. Kowace fita na farawa da tafiya mai ɗan sauri ta minti 5 domin ɗumama jiki, a kuma rufe da tafiyar minti 5.

Mako na 1: gudun minti ɗaya, tafiyar minti ɗaya da rabi, a yi ta maimaitawa har minti 20.

Mako na 2: gudun minti ɗaya da rabi, tafiyar minti 2, har minti 20.

Mako na 3: gudun minti ɗaya da rabi, tafiyar minti ɗaya da rabi, gudun minti 3, tafiyar minti 3. A yi wannan zagaye sau biyu.

Mako na 4: gudun minti 3, tafiyar minti ɗaya da rabi, gudun minti 5, tafiyar minti 2 da rabi, gudun minti 3, tafiyar minti ɗaya da rabi, sannan gudun minti 5.

Mako na 5: a fita ta farko, gudun minti 5 sau uku, da tafiyar minti 3 a tsakani. A ta biyu, gudun minti 8 sau biyu, da tafiyar minti 5 a tsakani. A ta uku, gudun minti 20 ba tsayawa.

Mako na 6: a fita ta farko, gudun minti 5, da 8, da 5, da tafiyar minti 3 a tsakani. A ta biyu, gudun minti 10 sau biyu, da tafiyar minti 3. A ta uku, minti 25 ba tsayawa.

Mako na 7: minti 25 a kowace fita. Mako na 8: minti 28. Mako na 9: minti 30.

Gudun minti 20 na ƙarshen mako na biyar shi ne inda mutane da yawa ke karaya, domin a takarda ya yi kama da babban tsalle daga minti 8. A zahiri, wanda ya cika makonnin baya ya riga ya yi gudun minti 15 zuwa 16 a fita ɗaya, tafiyar tsakani kawai aka cire. Maganinsa rage sauri tun daga farko.

Mako tara ba wa'adi ne na dole ba. Wanda mako ya yi wa tsauri ya maimaita shi, ko sau biyu ne. Wanda gudun minti ɗaya ma ya gagare shi, ko mai ƙiba sosai, ya fara da tafiya zalla na mako uku zuwa huɗu, har ya iya tafiyar minti 30 da sauri ba tare da wahala ba. Kuma da yawa daga masu kammala tsarin ba sa cin kilomita 5 cikin minti 30, sukan buƙaci minti 35 zuwa 45. Abin da ake nema shi ne jure rabin awa, nisan zai biyo baya.

Saurin da ya dace

Mafi sauƙin ma'auni shi ne magana. Idan mai gudu na iya faɗar cikakkiyar jimla ba tare da yankewar numfashi ba, saurinsa daidai ne. Idan kalma ɗaya ko biyu kawai yake iya fitarwa, ya yi sauri da yawa. Ga sabon shiga, wannan sauri kan zama sassarfar da da kaɗan ta fi tafiya, kuma babu abin kunya a ciki. Manyan 'yan tseren duniya ma mafi yawan horonsu a saurin da suke iya hira suke yin sa.

Masu agogon auna bugun zuciya kan yi amfani da wani lissafi na ƙiyasi: a cire shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne ƙololuwar bugun zuciyarsa. Ɗan shekara 40 zai samu 180, gudu mai sauƙi kuma ya tsaya wajen kashi 60 zuwa 75 cikin 100 na wannan adadi. Lissafin kan saɓa da bugu goma ko fiye daga mutum zuwa mutum, kuma wasu magungunan hawan jini na rage bugun zuciya, don haka ma'aunin magana ya fi aminci.

Ta fuskar tsayuwar jiki, gajeren taku mai sauƙi ya fi dogon taku, ƙafa ta riƙa sauka kusa da ƙarƙashin jiki. Kai a ɗage, kafaɗu a sake. Numfashi ta hanci da baki duka ya halatta.

Takalmi, sutura da wurin gudu

Ɗan Habasha Abebe Bikila ya ci zinare a gudun yada-ƙanin-wani na Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi, amma ƙafarsa ta saba da haka tun ƙuruciya. Sabon shiga na buƙatar kambas mai laushin ƙasa wanda ya zauna masa daidai, da tazarar kamar faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, saboda ƙafa na kumbura in ana gudu. Daɗin sawa ya fi tsada muhimmanci. Takalmin gudu kan gaji bayan kilomita 500 zuwa 800, don haka mai sayen na gwanjo ya duba ƙasansa da kyau. Idan ya cinye ta gefe ɗaya ko ya daskare, ya riga ya gama aiki.

Sutura ta zama marar nauyi, sakakkiya, mai hasken launi. Mata na iya gudu da dogon wando da riga mai yalwa da hijabi na yadi marar kauri, tare da rigar mama ta wasanni. Man shafawa na basilin na hana saɓar fata a matsematsi da hammata.

Fili mai laushi kuma shimfiɗaɗɗe, kamar filin makaranta ko hanyar burji marar ramuka, ya fi sauƙi ga mai farawa. Da'irar tsere ta filin wasa mita 400 ce, zagaye 12 da rabi ne ke ba da kilomita 5. Mai gudu a bakin titi ya bi gefen da zai fuskanci ababen hawa masu tahowa, wato hannun hagu a Najeriya da Nijar. Ya sa kaya masu haske idan da duhun asuba ne, ya kula da buɗaɗɗun kwatoci da babura da a-daidaita-sahu, kada kuma ya toshe kunnuwansa biyu da abin sauraro. Fita cikin rukuni ta fi tsaro.

Zafi, hunturu da azumi

Tsarin Couch to 5K a ƙasashe masu sanyi ya yi suna, don haka mai bin sa a ƙasar Hausa sai ya yi la'akari da yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai. A irin wannan lokaci, bayan asuba kafin rana ta ɗaga shi ne lokacin gudu, sai kuma bayan faɗuwarta. Jiki na ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi.

A sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Fitsari mai haske alama ce ta wadatar ruwa a jiki, mai duhu kuma alamar ƙarancinsa. Wanda ya auna nauyinsa kafin gudu da bayansa zai ga asarar da ya yi: kowane kilo ɗaya da ya ragu daidai yake da kimanin lita ɗaya ta gumi. Ɗirkar ruwa fiye da kima ma na da haɗari, musamman a dogon gudu, domin yana tsinka gishirin jini.

Ciwon kai mai tsanani, da jiri, da tashin zuciya alamun galabaita ne, a tsaya a nemi inuwa. Idan mai gudu ya fara ruɗewa, ko sambatu, ko tangaɗi, wannan bugun zafi ne, kuma yana kisa. A kwarara masa ruwan sanyi nan take, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.

Hunturu na zuwa da sanyin safiya mai daɗin gudu, amma ƙura da busasshiyar iska na tayar da asma. Ranar da hazo ya yi kauri, gara a ɗage fita ko a motsa jiki a cikin gida, mai asma kuma ya riƙe abin shaƙarsa. A watan azumi, lokacin da ya fi dacewa shi ne awa ɗaya ko biyu bayan buɗa-baki mai sauƙi. Wata ne na riƙe abin da aka samu, ƙarin nisa ya jira bayan salla.

Bambanta tsamin jiki da rauni

Tsamin jiki da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan gudu, a cinya da sha-raɓa na ƙafafu biyu, abu ne da aka saba, kuma yakan wuce da kansa cikin 'yan kwanaki. Rauni kuwa yakan tsaya a wuri guda, yana ƙaruwa in ana gudu, ko ya sa ɗingishi, ko ya zo da kumburi.

Raunukan da suka fi damun sababbin shiga su ne ciwon ƙwauri, da ciwon gaban gwiwa da ke tsananta wajen saukowa daga bene, da ciwon agara, da ciwon dunduniya da aka fi ji a takun farko na safiya. Kusan dukkansu daga gaggawar ƙara nisa ko sauri suke. Maganin farko shi ne rage gudu ko dakatar da shi na 'yan kwanaki, a koma tafiya ko tuƙa keke, sannan a dawo daga makon da ya gabata. Ciwon da ake iya nunawa da yatsa ɗaya a kan ƙashi, wanda ba ya lafawa ko da hutu, na iya zama tsagewar ƙashi, kuma yana buƙatar asibiti. Shan maganin kashe zafi domin a ci gaba da gudu kuskure ne, yana ɓoye gargaɗin jiki, wasu magungunan kuma na wahalar da ƙoda idan ruwan jiki ya yi ƙasa.

Ciwon ƙirji, ko wanda ke sauka hannu ko muƙamuƙi, ko duhun gani, ko suma, ba a jiran gobe a kansu. A tsaya nan take a nemi likita.

Atisayen ƙarfafa ƙafa da ƙugu sau biyu a mako, kamar tashi da zama daga kujera, da ɗagawa a kan yatsun ƙafa, da hawa matakala, na taimakawa wajen kare gaɓoɓi.

Abinci da rage ƙiba

Gudun rabin awa ba ya buƙatar abinci na musamman ko ƙwayoyin ƙarin kuzari. Ana iya fita da safe bayan ayaba ɗaya ko dabino kaɗan. Bayan abinci mai nauyi kamar tuwo, a jira awa biyu zuwa uku.

Masu gudu domin rage teɓa su san lissafin. A ƙiyasi, mutum na ƙona kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Mai kilo 80 da ya yi kilomita 5 ya ƙona kimanin kalori 400, kwalbar lemo mai zaƙi ta rabin lita kuwa na ɗauke da kimanin 200. Kwalba biyu sun mayar da abin da aka zubar. Sauyin nauyi na zuwa ne idan an haɗa gudu da rage sukari da maiƙo da yawan loma. Amma ko sikeli bai motsa ba, hawan jini da sukarin jini da barci da walwala kan inganta. Macen da ke jin kasala da haki fiye da kima duk da bin tsari, ta je a duba mata ƙarancin jini.

Bayan kilomita 5

Wanda ya kai minti 30 sau uku a mako yana yin minti 90 ke nan, ya haura mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nema na motsa jiki mai ƙarfi. Zai iya tsayawa a nan har tsawon rayuwarsa ya ci moriyar. Abin da ke sa a ɗore shi ne tsayayyen lokaci, da abokin fita, da rubuta abin da aka yi kowace rana. Wanda rashin lafiya ko tafiya ta yanke masa mako biyu ko fiye, ya koma baya da mako ɗaya ko biyu a tsarin, kada ya ɗora daga inda ya tsaya.

Mai son ƙari ya fara zama a kan kilomita 5 na wata ɗaya ko biyu, sannan ya riƙa tsawaita fita ɗaya a mako. Masu horarwa kan ce kada ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako, wanda ma'auni ne na taka-tsantsan. Mataki na gaba shi ne kilomita 10, sai rabin yada-ƙanin-wani mai kilomita 21.1. Cikakken na kilomita 42 na buƙatar dogon sabo da watanni na horo na musamman.

A Najeriya akwai gasannin da ke karɓar masu gudun sha'awa tare da ƙwararru. Tseren kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo ya fara a 2013, gudun yada-ƙanin-wani na birnin Legas kuma a 2016, ana yin sa a watan Fabrairu, yana da rukunin kilomita 10. 'Yan Kenya da Habasha ne suka fi lashe manyan kyaututtuka, a cikin 'yan gida kuwa 'yan Jihar Filato ne ke kan gaba. Ana danganta hakan da zama a kan tudu, domin Jos na kan tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, garin Iten na Kenya kuma, inda zakarun duniya ke horo, kimanin mita 2,400.

Ɗan Kenya Eliud Kipchoge ya gama kilomita 42 da mita 195 cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40 a birnin Vienna a 2019, a wani gwaji na musamman da ba a lissafa a matsayin tarihin gasa ba. Sabon shiga ba da shi yake tsere ba. Abin da ke gabansa a makon farko shi ne gudun minti ɗaya, tafiyar minti ɗaya da rabi, sau takwas, sannan ya huta kwana ɗaya ya sake fitowa. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.